Hannun Daman Yaba

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in ba zan iya ja da ubana ba, in sakar wa masu so Ɗahiru. 'Yar uwa, na gode da shawara, amma ki bari ki ji abin da ya faru jiya Alhamis tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Zuhura, a unguwar Alsawra ta Umdurman aka haife ni. Kakan mahaifina ne ya taso daga Haɗejia a ƙafa zai je hajji, ya yada zango a bakin Nilu, zangon da har yau ba mu tashi ba. Mahaifina, wanda nake kira Yaba kamar yadda 'ya'yan nan ke kiran uba, tela ne a Kasuwar Umdurman, kuma duk layinsu an san shi da yankan jallabiya. Mahaifiyata ta rasu ina jami'a, yayana yana Jidda da iyalinsa. Gidan daga ni sai shi.

Ɗahiru kuwa mutumin Azare ne, karatu ya kawo shi Khartoum. Ɗinki ya kai shagon Yaba, ya tarar na kawo abincin rana. Ya ji na jera "tamam" da "halas" a cikin Hausata, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce wannan Hausa ce ko miyar haɗe-haɗe? Ranar na tsane shi. Ga shi yau shi ya koya mini rubuta ta, don haka in kun ga kuskure shi za ku kama.

Da farko komai lafiya lau. Yaba ya karɓe shi hannu bibbiyu, manya sun yi magana, saura sa rana. Sai bara, wata safiya, almakashi ya suɓuce daga hannun Yaba a shago. Shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannun dama ya ce bai san zancen ba.

A nan in za a ɗaura aure, waliyyi yana sa hannunsa na dama cikin na wakilin ango, a rufa farin hankici a kai, sannan malam ya faɗi siga suna maimaitawa. Baffa Salih, ƙanin Yaba, ya ga abin zai ja lokaci, ya ce don sauƙi shi zai wakilce shi. Da ma bai faɗa ba.

"Ina raye?" in ji Yaba. "'Yata ƙwaya ɗaya, wani ya miƙa ta ina zaune a gefe kamar buhun gawayi? Wallahi tallahi ba mai ɗaura wa Zuhura aure sai ranar da hannun nan ya tashi na miƙa ta da kaina."

A gaban mutane ya rantse. Tun ranar aurena ya rataye a hannun da ko cokali ba ya iya riƙewa.

Likita ta ce sai an riƙa kai shi gashi da motsa jiki a asibitin Soba. Wanda ya san garin nan ya san abin da ake nufi da tashi daga Alsawra zuwa Soba: ka tsallake gada in ba a rufe ta ba, ka ratsa Khartoum kaf, ga layin mai ya cinye rabin titi. Mu isa a jigace, a ba shi ƙwallon roba ya matsa, a ba shi igiya ya ja. Bai yi zuwa da yawa ba ya ce shi ba rijiya ya zo ja ba, ya kwanta a angareb ɗinsa, wato gadon igiya, ya juya mana baya.

A wannan halin ne Ɗahiru ya shigo wata yamma da kwali a hammata. Na'urar gem ce ta gida, wadda ake haɗawa da talabijin, ya saya ta hannu a wurin wani abokin karatunsa da zai koma ƙasarsu. Da ita akwai rimot biyu dogaye, kowanne da madauri kamar na agogo.

"Baba, wannan ba irin ta yaran shago ba ce mai ƙananan maɓallai," ya ce yana durƙushe. "Waccan sai da yatsu goma masu lafiya. Wannan ba ruwanta da yatsu, motsin hannu take ji. Ka ɗaga, na cikin talabijin ya ɗaga. Ka kai duka, ya kai. Ko ba ka iya damƙewa ba, madaurin zai riƙe maka."

Yaba ya dube shi sama da ƙasa. "Da furfurata, ya Ɗahiru? Wasan yara ka kawo mini?"

Gwaggo Hadizatu, yayar Yaba, tana nan ranar. Ta riƙe baki ta ce mutumin sahun gaba a masallaci, in aka ji yana tsalle gaban talabijin ina za mu sa kanmu?

Ɗahiru bai ja da kowa ba. Ya kunna wani wasa da ake wurgo abubuwa sama kana sara da takobi, ya hau sara a karkace, da gangan, yana yi yana yaba kansa. Yaba yana kallo ta wutsiyar ido. Ya yi tsaki sau ɗaya, ya sake yi. Tela dai tela ne, ba zai ga ana yanka a karkace ya yi shiru ba.

"Wannan yanka ne ko ɓarna? Kai, kawo nan. Zuhura, ɗaura mini abin nan."

Ku da kuke cewa gem ɓata lokaci ne, ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Mutumin da in an ce ya ɗaga hannu sau biyar sai an yi rigima, shi ne zai tsaya yana sara har a ɗauke wuta, bai san ma motsa jiki yake yi ba. Abin ba ya tausayinsa yadda muke yi, ba ya kuma yi masa ƙarya. In hannun ya kai, ya kai, in bai kai ba a ci shi. In ya doki ƙwallo rimot ɗin ya ɗan girgiza a tafinsa, sai in ga ya dubi hannun kamar ya haɗu da tsohon aboki. Da na gaya wa likitar Soba, cewa ta yi ba zai maye gurbin asibiti ba, amma duk abin da zai sa ya motsa shi da son ransa, kada mu hana. Har Gwaggo sai da na kama ta tana wasan jifan kwalabe, ta naɗe tob ɗinta, wato lafaya, a ƙugu tana cewa kada in gaya wa kowa.

Hannu ya tashi daga cinya zuwa ciki, daga ciki zuwa ƙirji. Na fara duba yadin labule a kasuwa. Sai bayan ƙaramar Sallah komai ya tsaya cak. Yaba ya ce ya gaji, kafaɗar na yi masa zogi, iyakar abin ke nan. Ya sa na rufe na'urar da ƙyalle. Na koma naɗa masa rawani, ina yanka masa nama ƙanana a faranti, ina shiga banɗaki in kunna famfo don kada ya ji kukana.

Shekaranjiya Laraba saƙon Ɗahiru ya shigo.

"Kawu Shitu ya sauka. Umara za shi, saboda mu ya biyo ta nan. Gobe bayan la'asar zai zo wurin Baba. Asabar zai wuce."

Kafin in amsa wani ya biyo baya.

"Iƙamata ta kusa ƙarewa, Zuhura. Inna ta ce ta gaji da ba mutane haƙuri. In Kawu ya tafi hannu rabbana, ban san wa zai sake zuwa ba."

Jiya da safe Gwaggo ta zo da wuri, muka bar Yaba a kwance ƙarƙashin rumfa, muka tari raksha, wato keke napep, za mu kasuwa sayen turaren wuta da ƙananan kofunan gahawa. Ko titin kwalta ba mu hau ba ta fara.

"Ya bitti, 'yata, shekarunki ashirin da bakwai. Sa'o'inki suna kai 'ya'ya makaranta. Ki je ki durƙusa gabansa ki yi kuka, ya yi kaffara ya ciyar da miskinai, Salih ya miƙa ki, halas. Rantsuwa ai tana da ƙofa."

"Gwaggo, hannun nan shi kaɗai ya rage masa yake jira. In na ce ya karya rantsuwa, na gaya masa ke nan ba zai warke ba."

"To zauna. Zauna ki tsufa kina naɗa rawani. Yaron nan in ya hau jirgi, 'yan matan ƙasarsu ba makafi ba ne."

Kun san halina. Na bubbuga wa mai raksha ƙarfe na ce ya tsaya, na sauka na bar ta tana kira. Na tako a ƙafa cikin rana, raina a ɓace, har ƙofar gida. Ƙofar ƙarfen ba a sa mata sakata ba, na tura a hankali don kada in tashe shi.

Angareb ɗin ba kowa. Daga diwan, wato falon baƙi, nake jin ƙarar ƙwallo, tas, tas, tas.

Tagar a buɗe take rabi. Na leƙa.

Yaba ne a tsaye tsakiyar ɗaki, daga shi sai 'yar shara da wando, hula ta zame ƙeya. Madauri a wuyan hannunsa na dama. Ƙwallon tebur yake bugawa, kuma ba bugun mai jinya ba. Hannun na tashi sama da kansa, ya dawo ta baya, ya sake tashi. Yana yi yana dariya ƙasa-ƙasa yana ce wa na cikin talabijin, "Zo mana, ya wad, kai yaro, zo!" Da ya cinye, ya kwance madaurin, ya share goshi, ya miƙa wannan hannun dai har saman kabad ya jawo ƙyallen rufi.

Wallahi abin da ya fara zuwa bakina guɗa ce. Na toshe baki da gefen mayafi, hawaye suka zubo, ina cewa alhamdu lillah a zuci. Sai kuma na gane wani abu. Wannan hannun ba yau ya tashi ba. Wanda ya tashi yau ba ya bugu haka, kuma mai shi ba ya jira sai gida ya zama ba kowa.

Na koma bakin ƙofa da sanɗa, na jira kaɗan, na buga ta da ƙarfi na yi sallama. Na same shi a kwance a angareb, hannun a yashe bisa ƙirji, ido a lumshe.

"Har kun dawo?"

"Ni kaɗai. Yaba, wannan zufar fa?"

"Sahana ce, ya bitti. Garin ya ɗau zafi."

Na shiga diwan na ɗora tafina a kan ƙyallen. Na'urar da ɗumi kamar burodin da aka sauke yanzu.

Wayata ta yi ƙara. Ɗahiru. "Ya jikin Baba? Ya hannun?"

Na rubuta "Ya warke", na goge. Na rubuta "Ƙarya yake mana", na ji kunyar kaina, na goge. Daga ƙarshe na tura, "Alhamdu lillah."

"Wannan alhamdu lillahin ban gane masa ba."

Me zan ce? In na faɗa, na kwance wa ubana zani a gaban surukinsa. In na yi shiru, na bar Ɗahiru ya tafi saboda ciwon da babu shi. Haka na yi sharar tsakar gida, na yayyafa ruwa, na goge farar jallabiyar Yaba, ina yi zuciyata na tafasa. Gwaggo ta dawo tana kumbure-kumbure, ta shige kicin ta hau suyar zalabiya, fanken mutanen nan.

Bayan azahar na yi wanka na sa doguwar riga ruwan toka, na naɗa tob ɗin mahaifiyata mai ruwan zuma da ɗan aikin zare a baki, wanda har yau ƙamshin humrarta bai bar shi ba. Na sa 'yan kunnenta ƙanana. Na dubi madubi, idona jawur, na zizara kwalli don ya rufa mini asiri. Na turara diwan, na jera dabino da ruwan sanyi. Sannan na yaye ƙyallen na kunna na'urar.

Yaba ya shigo cikin jallabiyarsa, rawani a saɓe a kafaɗa yana jiran in naɗa masa. Ya ga talabijin a kunne, ya tsaya.

"Wannan fa? Baƙi na hanya."

"Wasa ɗaya, Yaba. Hankalina a tashe yake, ka taya ni."

Ban jira amsarsa ba na kama hannun na ɗaura masa madauri. Ya sake shi ya yi nauyi a hannuna. Da ban ga abin da na gani ba, da na rantse ba rai a ciki. Na ɗauki ɗaya rimot ɗin na tsaya gefensa.

Na buga masa ƙwallo sama, ta damansa. Ya ɗan motsa hannu iya ƙirji, ta wuce. Na sake bugawa can dai. Ta wuce. Ya yi ajiyar zuciya irin ta marasa lafiya.

"Kin gani ai. Ba ya kaiwa."

"Ba komai, Yaba," na ce, idona a kan talabijin. "Gwaggo ta yi gaskiya. Tsufa ne ya zo. Baffa Salih hannunsa lafiya lau, shi zai miƙa ni. Kai sai a sa maka kujera a bakin masallaci ka riƙa amsa barka."

Na ji numfashinsa ya canza. Na ɗaga hannu na sakar masa ƙwallo can sama, a hankali, irin wadda ake ba yaro.

Tas!

Iskar hannunsa sai da ta kaɗa mini tob. Ƙwallon ta wuce ni ban ko gan ta ba. 'Yan kallon cikin talabijin suka ɓarke da tafi, na'urar ta maimaito bugun a hankali, ga ɗan mutumin nan ya miƙe hannu har sama. Yaba yana tsaye, hannunsa a sama da kansa, ya manta bai sauke ba.

Na kashe talabijin. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar mai a kaskon Gwaggo.

"Na gan ka da safe," na ce. "Tun yaushe?"

Ya zauna a bakin kujera, ya kwance madaurin da kansa. "Tun bayan Sallah."

"Tun bayan Sallah! Yaba, ka bar ni ina naɗa maka rawani? Ina yanka maka nama? Ka bar Ɗahiru yana yawon gari yana tambayar malamai addu'ar shanyewar jiki? Me na yi maka?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba!" Amma na rage, don ko a wannan halin ban so Gwaggo ta ji.

Ya dubi rimot ɗin a cinyarsa. "Kakana ya ce wa mahaifiyarsa kafin a girbe gero sau biyu ya dawo. Kin san inda kabarinsa yake, tare muke zuwa ziyara. Shi ya yi gabas, ke za ki yi yamma, hanyar dai ita ce. Ban taɓa ganin wanda ta ɗauka ta mayar ba."

"Yanzu akwai jirgi, Yaba. Akwai waya."

"Yayanki ma jirgi ya hau. Jidda ga ta nan tsallaken ruwa. Yaushe rabonki da ganinsa?"

Na kawar da kai.

"Ranar da hannun nan ya tashi, na yi niyyar kiranki," ya ce. "Wallahi na buɗe baki. Sai na ji takunki a tsakar gida, kina zuwa da shayi, kina 'yar waƙarki. Na ce a bar shi sai gobe. Gobe ta zo na ce jibi. Ba yaron nake ƙi ba, ya bitti, yaron kirki ne, shi ya tayar mini da hannun ma. Gidan nan nake tsoro in ba takun kowa a ciki."

Na shigo da fushi cike da ciki, na neme shi na rasa rabinsa. Ina son Ɗahiru, Allah ya sani, son da ko abinci ba na jin daɗinsa in ban ji muryarsa ba. Kuma ina son wannan tsohon da ya yaudare ni wata da watanni. Na durƙusa gabansa.

"Ba zan tona ka ba, Yaba. In ka miƙa musu hagu, ba wanda zai ji daga bakina, har Ɗahiru. Amma ni na sani, kai ma ka san na sani. Da haka za mu ci gaba da zama."

Aka buga ƙofar gida. Muryar Baffa Salih ce yana sallama, da wata baƙuwar murya mai kauri a bayansa.

Na fita da sauri ban naɗa masa rawanin ba. Ni da Gwaggo muka tsaya bayan labulen da ya raba diwan da cikin gida. Ɗahiru bai shigo ba, ya tsaya can bakin kantin unguwa don kunya, sai saƙo yake jero mini. "Sun shiga?" "Me ya ce?" Na kife wayar a ƙirjina.

Kawu Shitu dattijo ne dogo, cikin babbar riga ta shadda ruwan ƙasa da hula zanna, irin shigar da a unguwarmu sai an leƙo ana kallo. Ya shigo da fara'a ya miƙa hannu. Ta ɗan tsagin labule na ga Yaba ya miƙe, kansa ba rawani, hannun dama a cikin aljihun jallabiya. Ya miƙa hagu.

"A yi mini afuwa, Alhaji. Lalura."

Gwaggo ta yi ƙwafa.

Aka zauna. Na miƙa wa Baffa Salih tiren gahawa ta gefen labule. Aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen gida, Kawu ya yi mamakin jin Hausar Yaba ya ce rabonsa da jin wasu kalmomin tun kakarsa na da rai. Aka yi dariya sama-sama. Sannan ya gyara zama.

"Alhaji, ba zan ɓoye maka ba. Mun ji rantsuwarka, kuma mun girmama ta. Amma yaron nan zamansa a ƙasar nan ya ƙare, uwarsa kuma ta zuba ido. Ni jibi zan wuce. In da hali a ɗaura gobe bayan Juma'a, in koma da labari mai daɗi. In babu, kada mu riƙe muku yarinya, ku ma kada ku riƙe mana yaro."

Baffa Salih ya yi gyaran murya. "Yaya, malamai sun ce in mutum ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi alheri..."

"Na san abin da malamai suka ce, Salih."

Ba abin da ake ji sai na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga. Yaba ya kafa wa kofinsa ido, gahawar ta huce bai taɓa ba. Na ciji gefen tob ɗina har na ji zaren a haƙorina. Na yi alkawari ba zan yi magana ba.

Kawu ya jira iya jira. Daga ƙarshe ya dafa gwiwa ya miƙe, ya saɓa rigarsa.

"To, Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ba a yi faɗa ba, zumunci yana nan." Don kara, shi ma hagunsa ya miƙa.

Yaba ya dubi hannun. Ya juyo ya dubi labule, daidai inda nake, kamar yana ganina.

"Mayar da wannan, Alhaji," ya ce. "Kawo dama."

Ya miƙe tsaye. Ya zaro hannun daga aljihu, ya ɗaga shi har kafaɗar Kawu ya dafa, yadda mazan garin nan ke gaisawa, sannan ya sauko da shi ya damƙe tafin Kawu, damƙar da sai da dattijon ya ce "A'a!" Baffa Salih ya zabura, kofi ya kife a kan tire, yana ta kabbara. Gwaggo ta riƙe ni tana "Ya Rabbi, ya Rabbi, yaushe? Yaushe?"

Yaba bai saki hannun ba. Ya ɗaga murya.

"Zuhura."

"Na'am, Yaba."

"Ga hannu ya tashi. Gobe bayan Juma'a zan ba da ke ga Ɗahiru, ki bi shi ƙasarsu. Kin yarda?"

Wata nawa ina jiran wannan tambayar? A gaban madubi har na sha gwada yadda zan amsa. Na buɗe baki, sai na hango shi shi kaɗai a ƙarƙashin rumfa da safe, yana jiran shayin da ba mai kawowa. Ban iya cewa e ba. A'a ma ta ƙi fitowa. So nake in ce, Yaba, dakata, ba haka nake nufi ba, amma ni kaina ban san me nake nufi ba. Hawaye kawai ke zuba a kan tob ɗin mahaifiyata.

"Ta yi shiru," in ji Kawu da murmushi a muryarsa. "Budurwa kuwa in ta yi shiru, shari'a ta ce ta yarda."

Yaba ya fi kowa sanin wannan hukuncin. Ya kuma san 'yarsa. Shi ya sa ya yi tambayar yadda ba sai na buɗe baki na zaɓi wani a kansa ba.

"Madalla," ya ce. "Salih, yi mana Fatiha."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa a kunnena. Wayata ta hau rawa a ƙirjina, na san Ɗahiru ya jiyo daga bakin kanti. Ban duba ba. Idona yana kan Yaba, ya ɗaga hannuwansa biyu daidai da juna. Aka karanta, aka ce amin, kowa ya shafa ya sauke. Kawu ya juya yana yi wa Baffa Salih barka.

Yaba bai sauke nasa ba. Suna nan a kan fuskarsa, duka biyun, kafaɗunsa na rawa.